Star Trek da Doctor Who: waye ya fi tufka da warwara?

Ɗan'uwa sai yanzu na samu zama kan tambayarka ta jiya da daddare. Ka ce kana so ka fara kallon ɗaya tsakanin Star Trek da Doctor Who amma duk inda ka leƙa sai ka tarar masoyansu na ta cacar baki wai wannan kanon ne wancan ba kanon ba, shi ne kake son sanin wanne ne labarinsa ya fi tafiya a miƙe. To gaskiya ba wanda bai yi tufka da warwara ba a cikinsu. Doctor Who ya fara ne ran 23 ga Nuwamba 1963 a BBC, Star Trek kuma ran 8 ga Satumba 1966 a tashar NBC ta Amurka, marubuta sun shigo sun fita wasu ma sun mutu, ai dole a samu baki biyu. Bambancin yana wajen abin da kowane gida yake yi idan an kama shi dumu-dumu.

Shi kanon ɗin nan da suke ta faɗa ba wani abu ba ne illa abin da aka yarda ya faru da gaske a cikin duniyar labarin. A gidan Star Trek akwai ƙa'ida da kowa ya sani, abin da aka haska a talabijin ko sinima shi ne ya faru, littattafai da komik kuwa ka karanta ka ji daɗi amma kar ka kawo su hujja. Har katun ɗinsu na 1973 zuwa 1974 an daɗe ana ware shi gefe sabida Gene Roddenberry mai shirin bai so a lissafa shi ba, daga baya aka riƙa dawo da shi a hankali. A gidan Doctor Who kuwa BBC ba ta taɓa fitowa ta ce ga iyakar kanon ba. Babu alƙali, kowa da nasa lissafin.

Za ka zaci masu alƙali sun fi zaman lafiya ko? Ina. Tunda an ce duk abin da ido ya gani ya faru, to duk kuskuren da ido ya gani sai an nemo masa dalili. Ɗauki goshin Klingon, wata ƙabilar mayaƙa daga wata duniya a cikin shirin, shi ne babban misalin. A shirin farko na 1966 zuwa 1969 Klingon mutane ne masu goshi sumul, an ɗan shafa musu hoda da gashin baki kawai sabida ba kuɗi. Da aka zo fim ɗin sinima na 1979 kuɗi ya samu sai ga su da goshi mai tudu-tudu, ba wanda ya ce uffan. A 1996 masu Deep Space Nine, ɗaya daga shirye-shiryen Star Trek na baya-baya, suka yi fitowa ta musamman don cikar shirin shekara 30, jarumansu suka koma baya cikin wani tsohon kashi, suna zaune a mashaya aka nuna musu masu sumul ɗin goshi aka ce ga Klingon can, duk suka juyo suna kallon Worf, abokin aikinsu ɗan Klingon, da nasa goshin mai tudu-tudu, shi kuma ya haɗe rai ya ce dogon labari ne ba sa tattauna shi da bare. Wallahi a ganina nan ya kamata a bar maganar, an yi dariya an wuce. Amma ina, a 2005 masu wani shirin nasu Enterprise suka kashe kashi biyu cur suna bayanin wai wata ƙwayar cuta ce da ta samo asali daga taɓa ƙwayoyin halitta ta goge musu goshin. Ana murna an toshe ɓaraka sai ga sabon shirinsu Discovery a 2017 ta fito da wasu Klingon ɗin daban, ba gashi, kai kamar tulu, aka koma gidan jiya.

Ita Discovery ɗin ma ita ta kawo wa Spock, ɗaya daga manyan jaruman shirin farko, 'yar'uwar riƙo Michael Burnham wadda shekara hamsin ba mu taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Da surutu ya yi yawa, a ƙarshen zango na biyu a 2019 aka cilla jirginta na sararin samaniya gaba sama da shekara 900, waɗanda suka rage aka hana su ambaton jirgin da mutanen cikinsa. Ka ga faci kan faci kenan. Haka maganar wani mugu mai suna Khan, a 1967 an ce ya mulki kwatan duniya tsakanin 1992 da 1996, to 1992 ta zo ta wuce ba mu ga Khan ba, sai a 2023 masu shirin Strange New Worlds suka ce masu yawo cikin lokaci ne suka yi ta taɓa tarihi har abin ya matsa gaba. Akwai ƙanana irin dutsen kabari da aka rubuta James R. Kirk alhali kowa ya san sunan kyaftin ɗin shirin farko T ne a tsakiya, wannan kam raha ake da shi.

Inda zan yaba musu shi ne fim ɗin 2009 na J.J. Abrams. Maimakon su goge tsohon labari sai suka ce hanya ce ta rabu biyu, wadda ake kira Kelvin, tsohuwar na nan daram, har shirin Picard na 2020 ya ɗora kan tarwatsewar duniyar Romulus da aka ambata a fim ɗin.

Yanzu juyo gidan Doctor Who ka ga wani salon. Su tun 1966 da rashin lafiya ta ci ƙarfin William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dokta wato jarumin shirin, suka ƙirƙiro cewa Dokta yana sauya jiki idan zai mutu, Patrick Troughton ya karɓa aka ci gaba. Ka tuna yadda muke hayaniya idan an canja jarumi a tsakiyar fim mai dogon zango, su sun mayar da abin jigon labarin. Ga shi kuma mutum ne mai yawo cikin lokaci da jirginsa TARDIS, duk abin da bai yi daidai ba sai a ce tarihi ne ya sauya. Birnin Atlantis sau uku aka ba da dalilin halakarsa, 1967 da 1971 da 1972, kowanne daban, ba wanda ya yi kashi na musamman don sasanta su. Dokta na bakwai ya ce shekarunsa 953 a 1987, na tara ya dawo a 2005 yana cewa 900. A fim ɗin talabijin na 1996 Doktan Paul McGann ya ce shi rabin ɗan Adam ne ta wajen uwa, masu shirin kawai suka kau da kai kamar ba su ji ba.

Akwai wani musun da suka shekara arba'in suna yi wanda ya ɗan taɓo mu nan gida. A cikin shirin akwai rundunar UNIT da shugabanta Birgediya Lethbridge-Stewart, kuma har yau ba a daidaita ko labaransu a shekarun 1970 suka faru ko 1980 ba, sabida Sarah Jane abokiyar tafiyar Dokta ta ce ita daga 1980 take, sai wani labari na 1983 ya ce Birgediya ya yi ritaya tun 1976. Shi wannan mutumin ya fara fitowa ne yana Kanar a The Web of Fear na 1968, ɗaya daga labaran da suka ɓata sabida BBC ta goge kaset-kaset ɗinta a da, har yanzu kashi sama da 90 ba a san inda suke ba. A 2013 aka sanar cewa wani mai farautar tsofaffin finafinai Philip Morris ya gano kashi tara da ake nema a ɗakin ajiya na wata tashar talabijin a Jos, gwangwanayen fim na zaune kan kanta sun sha ƙura, cikinsu har da na wannan labarin da The Enemy of the World. Amma kashi na uku, wanda a cikinsa Kanar ɗin ya fara bayyana, shi bai dawo ba. Wato su masu Doctor Who wani ɓangaren abin da suke musu a kai ma da kunne kawai suka san shi, sautin da 'yan kallo suka naɗa a gida da hotuna.

Kar ka ɗauka rashin alƙali ya sa ba sa faɗa. Ba sa faɗa kan ƙananan abu ne, amma ranar da aka taɓa asalin Dokta gidan kamawa yake da wuta. A 1976 an ce mutanen Gallifrey, duniyar su Dokta, sau 12 kawai suke sauya jiki, rai 13 kenan, masoya suka riƙe wannan lissafin gam har 2013 da aka ƙara wa Doktan Matt Smith sabon zubi. A wannan shekarar ma aka cusa John Hurt a matsayin wani Dokta da ba a taɓa lissafawa ba, mutane suka haɗiye sabida an yi shi da kyau. Sai Maris 2020 jagoran shirin na lokacin Chris Chibnall ya zo da The Timeless Children lokacin da Jodie Whittaker ke fitowa a Dokta, aka ce Dokta ba ma ɗan Gallifrey ba ne, tsintuwa ce aka yi a bakin wata ƙofa, daga jikinsa aka samo sirrin sauya jiki, ya yi rayuwa ba adadi kafin Hartnell aka goge masa tunani. Ni da wani abokina mun kusa ɓatawa kan wannan, muna teburin mai shayi har indomi ta huce yana buga benci yana cewa an ci amanar Hartnell. Abin dariyar shi ne masu kare Chibnall ma da tsohon shiri suke kafa hujja, a The Brain of Morbius na farkon 1976 an haska fuskoki takwas da suka yi kama da rayuwar Dokta kafin Hartnell, fuskokin ma'aikatan shirin ne aka sa musu kaya. Shekara ɗaya, labari biyu masu karo da juna, kowane ɓangare ya ɗauki wanda ya yi masa. Da tsohon jagoran shirin Russell T Davies ya dawo a 2023 wasu sun sa rai zai share maganar, bai share ba, Doktan Ncuti Gatwa da bakinsa yake cewa shi tsintacce ne.

Ni dai ra'ayina, musun Star Trek ya fi gajiyarwa don kullum ne, launin riga, girman jirgi, waye ya fara haɗuwa da ƙabilar Gorn, amma akwai inda za a je a duba a ce kai ne ka yi kuskure. Na Doctor Who ba ya yawa amma ba ya ƙarewa tunda ba mai yanke hukunci. In kai mai son lissafi ne, ka san shekarar kaza abu kaza ya faru, Star Trek ne naka, ka fara da The Next Generation na 1987 ka yi haƙuri da zangon farko don yana da ɗan nauyi, ko Strange New Worlds na 2022 in ba ka jure tsohon hoto. In kuwa ba ka damu a faɗa maka abu yau gobe a warware ba, fara Doctor Who daga dawowarsa ta 2005 da Christopher Eccleston, an yi shi ne don wanda bai san komai ba. Na baƙi da fari ka bar su sai ka saba, in ka kai nan ka nemi The Enemy of the World ɗin da aka kwaso daga Jos, Troughton ne yake fitowa a Dokta kuma shi ne mugun.