Kit ɗin gwajin CRP na gida, yana aiki amma rabin labari yake ba ka

CRP wani furotin ne da ke ƙaruwa a jini in akwai kumburi a jiki, shi kit ɗin nan yake aunawa. Amfani da shi ba wuya sam. Ka huda yatsa da ɗan tsinken da ke ciki, ka ɗiga jinin a ruwan da suka haɗo da shi, ka tsoma sitirif ɗin, bayan 'yan mintuna layuka su fito. Irin wanda na saya matakai uku yake nunawa, 10 da 40 da 80 mg/L (miligiram a kowace lita), wato ba lamba takamaimai zai ba ka ba sai dai kintace. Kuma layin tsakiyar nan dishi-dishi yake fitowa wlh, sai ka kai shi gaban taga kana ƙanƙance ido kafin ka yarda akwai shi ko babu.

Inda na fi jin haushi takardar bayanin ce, cewa kawai ta yi in layi ya fito akwai kumburi a jiki, shikenan. To CRP ai hayaƙi ne, wutar tana wani wajen. Hanta ce ke yin sa idan sinadarin IL-6, ɗan saƙon da garkuwar jiki ke saki, ya taɓo ta, CRP ɗin yakan fara hawa cikin awa shida zuwa takwas ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu. Kuma shi IL-6 ɗin ba a hanta kaɗai yake tsayawa ba, shi da wasu sinadarai irinsa, IL-1 da G-CSF, har ɓargo suke kai saƙo, su tayar da uwayen ƙwayoyin jini da ke kwance a can, ɓargo ya karkata ga buga niyutirofil, fararen ƙwayoyin nan masu cinye bakteriya, wanda dama ko lafiya lau kake kusan biliyan 100 yake fitarwa kullum, balle an shiga yanayin gaggawa. In abin ya daɗe kuwa hanta ta dinga sakin wani sinadari mai suna hefsidin, shi kuma ya kulle sinadarin ƙarfe a ma'ajiya, jajayen ƙwayoyi su rasa kayan haɗi, mutum ya koma da ƙarancin jini yana ta shan maganin ƙarin jini ba wani canji.

Duk wannan kit ɗin ba ya gani, ba ya kuma bambance ciwon gaɓoɓi da cutar bakteriya. Mai ciwon da likita ya riga ya gano yana so ya riƙa leƙawa tsakanin ranakun asibiti, zai amfane shi. Mai zazzaɓin da ya ƙi sauka ya je lab a yi masa cikakken ƙidayar ƙwayoyin jini kawai. Tauraro uku na ba shi, da sun gyara takardar nan da na ƙara ɗaya.