Ledar rufe kunya: a sayi mai kauri, siririya kuwa ɓarna ce ga gona

Ledar da masu noman rani ke shimfiɗa wa tumatir, tattasai da kankana tana yin aikin da aka saye ta dominsa. Tana riƙe laima, tana hana ciyawa fitowa, 'ya'yan kuma ba sa kwanciya cikin laka su ruɓe. Mai fuska biyu, azurfa a sama baƙi a ƙasa, ita ta fi dacewa da zafinmu, don baƙa zalla tana ɗaukar rana har ta ƙona dashe a watan Maris da Afrilu. Sai dai inda ake gane ta gari shi ne ranar cirewa, ba ranar shimfiɗawa ba.

Ana auna kaurinta da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Mai maikuron 25 zuwa 30 tana kai ƙarshen girbi a haɗe, a naɗe ta a fitar. Mai 10 zuwa 15 kuwa, aya-aya na huda ta tun da wuri, rana ta gasa ta, ranar cirewa ta rinƙa tsinkewa a hannu, gefen da aka binne ya zauna cikin ƙasa. Kada a dogara da abin da aka rubuta a jikin kwali, a ɗora dami a sikeli. Mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 400, in maikuron 25 ce ta gaskiya, ledar kaɗai za ta kai wajen kilo 11. In 10 ce, ba ta cika kilo 5 ba.

Guntayen da suka saura ba sa ruɓewa. Garma ta juya su ƙasa, su kwanta daidai inda saiwa ke bi. Ruwa ya taru a kansu, ƙarƙashinsu ya bushe, saiwa ta lanƙwashe maimakon ta nutse, irin da ya faɗa kan guntu kuma ya ƙi tsira. Shekara ɗaya ba a ganin illar, taruwa take yi. Gonakin audugar Xinjiang a ƙasar Sin sun sha wannan da leda mai maikuron 8, har ƙasar ta mayar da mafi ƙarancin kauri 10 a ƙa'idar da ta fitar a 2017. Ga kuma awakin da ake saki cikin gona bayan girbi suna haɗiye ta.

Cirewa tana son tsari. Da an gama tsinka, kada a bar ta ta ƙara sati a rana. A sare shukar daga gindi, a ba da ruwa kaɗan kwana ɗaya kafin aikin don gefen ya saki, a tone shi da fartanya, sannan a naɗe da sassafe ana karkaɗe ƙasa. Ba a ƙona ta a gona, hayaƙin guba ne.

Akwai wadda ake tallatawa cewa tana narkewa da kanta. A nemi alamar EN 17033 a jikinta, wadda ke nufin kashi 90 cikin ɗari zai ruɓe cikin ƙasa a shekara biyu. In an rubuta "oxo", a bar musu kayansu: farfashewa kawai take yi ta zama ƙananan guntaye, shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta ta tun 2021.