Ƙaramin jirgin jet na rimot: wanne za ka fara saya idan kuɗin ba su da yawa?

Wani ƙanena da ke karatu a Jamus ya je kallon JetPower, bikin da masu ƙera ƙananan jiragen jet ke baje hajarsu, ya dawo ba ya cikin hayyacinsa. Tsakar dare ya turo min hoton wani samfurin jirgin yaƙi F-16 mai tsawon mutum, ya rubuta a ƙasa: "Yaya, wannan nake so. Nawa zan tara?" Na ce masa ya kwanta tukuna, da safe ma yi magana. Ni ma haka ta same ni ranar da na fara jin ƙarar injin tabain a filin kulob ɗinmu a Ingila, ƙamshin kananzir ya bugi hancina. Abin da na gaya masa washegari shi ne zan shimfiɗa a nan.

Injin nan ba kwaikwayo ba ne. Yadda na babban jirgi ke aiki, haka shi ma: ya zuƙi iska, ya matse ta, ya ƙona ta da kananzir, ya feso ta baya da zafin da ya haura digiri 500. Tun 1983 wasu 'yan Ingila suka tashi jirgin wasa da irinsa, daga baya wani Bajamushe, Kurt Schreckling, ya nuna cewa mutum zai iya ƙera shi a gida. Yau kamfanoni ne ke yi: JetCat a Jamus, KingTech a Taiwan, Xicoy a Sifen, Swiwin a Sin, da wasunsu. Lambar da ke jikin sunan injin ita ce ƙarfin turinsa: ka raba ta goma, ka samu kusan yawan kilo. JetCat P100 na tura kusan kilo 10, KingTech K45 da Xicoy X45 kusan kilo huɗu da rabi. Sabo dal, daga ƙaramin har matsakaicin, ka sa ran dala 1,300 zuwa 2,500, gwargwadon kamfani da ƙasar da kake. Injin kaɗai ke nan, ba fiffike, ba taya.

Kafin a zo ciniki, akwai abin da ba kuɗi ke saya ba. A Amurka ƙungiyar masu tashin ƙananan jirage, AMA, ba ta barin ka tashi jirgin tabain a filayenta sai ka samu takardar izini ta musamman, bayan ƙwararru sun tsaya sun ga tuƙinka da idonsu, kuma ta ƙayyade gudu kada ya wuce mil 200 a awa, wato wajen kilomita 320. A Ingila kulob-kulob da yawa sai sun ga shaidar ƙwarewa ta BMFA, takwararta ta can. Saboda haka zaɓin farko da nake ba kowa ba shi da tabain a cikinsa kwata-kwata: jirgin EDF, mai fankar lantarki a cikin bututu. Freewing, FMS da E-flite duk suna yin su da farin soso mai tauri, da 'yan ɗaruruwan daloli ka mallaki guda. Batirinsa ba ya wuce minti uku zuwa huɗu a sama, ƙararsa kuma ta injin busar da gashi ce, amma yana koya maka abu biyu da za su cece ka: bin jirgi mai gudu da ido, da sauka ba tare da ka bar gudun ya mutu ba. Idan ya faɗi, gam ne da haƙuri. Wanda bai taɓa riƙe rimot ba kuwa, ko EDF ɗin ya yi masa nisa, ya fara da manhajar kwaikwayon tuƙi irin RealFlight da jirgi mai farfela.

Sai dai EDF na da wata ɗabi'a da yake koya wa yatsa wadda tabain ba ya yafewa. Kana taɓa totur fankar lantarki ta amsa nan take. Tabain kuwa daga silo zuwa cikakken ƙarfi sai ya ɗauki daƙiƙa uku ko fiye. Idan ka zo sauka ka ga ba za ka kai titi ba, sannan ka ba shi wuta, to jirgin zai riga ƙarfin isa ƙasa. Ga shi kuma ko a silo yana ci gaba da turawa kaɗan-kaɗan, sai jirgin ya yi ta sulɓewa ya ƙi zama. Shi ya sa birki da filaf, wato 'yan faifan fiffike masu rage gudu, ba ado ba ne a nan.

To, an shirya, wanne za a saya? Yawancin masu tattali hankalinsu kan tafi ga ɗan ƙaramin inji. Lissafin a baki yana da daɗi: ka ɗauki jirgin soso irin Avanti S na Freewing, ka cire fankar, ka dasa X45 ko K45, shi ke nan ka shiga sahun manya da kuɗi kaɗan. Mutane da yawa sun yi, yana kuma tashi da kyau, ya shiga bayan ƙaramar mota, man da yake sha bai taka kara ya karya ba. Amma ni ba na ba sabon shiga wannan shawara. Ƙanƙantar inji ba ta rage farashinsa yadda kake zato, domin abin da ke juyawa sau 225,000 a minti ɗaya, kamar X45, aikinsa ya fi na babba wuya. Ratar kuɗi tsakaninsa da mai kilo shida ko takwas ba ta da yawa. Sannan a cikin wannan ɗan kogo za ka cusa tanki, famfo, kwamfutar inji, batura biyu da bututun ƙarfe mai raba zafi da soso, duk da hannunka, alhali ba ka taɓa haɗa ko ɗaya ba. Jirgin ya ƙara nauyi, saukarsa ta ƙara gudu, iska kuma tana wasa da shi. Ranar da man ya taru a ciki ya kama wuta wajen tayarwa, soso ba ya jira ka ɗauko abin kashe gobara. Wannan hanya ta wanda ya riga ya ƙware ce, yana neman ɗan abin da zai jefa a mota ranar Lahadi.

Abin da na fi yarda da shi mummuna ne, ba na ɓoyewa. Jiragen koyo masu jela biyu, irin Boomerang da Xcalibur, ba su yi kama da wani jirgin yaƙi da ka taɓa gani ba. Fiffikensu na katako ne mara nauyi da aka lulluɓe da leda, kuma kauri gare shi, injin kuma yana zaune a fili tsakanin jelolin biyu. Duk amfaninsu na cikin wannan munin. Ba ka bukatar bututun fitar da zafi, ka rage kuɗi ke nan ka rage haɗari. Komai na gaban idonka: idan tiyo na yoyo za ka gani, idan wuta ta fito za ta fita sarari. Suna sauka a hankali, suna jure filin ciyawa, kuma katako idan ya karye kafinta ne kai da kanka. Ka haɗa shi da inji mai kilo takwas zuwa 12. Wannan injin shi ne jarinka na gaskiya: jirgin zai tsufa ko ya faɗi, ka kwance injin ka mayar cikin na biyu, har na uku. Ɗan ƙaramin inji kuwa 'yan jirage kaɗan ne zai iya ɗauka.

F-16 ɗin ƙanena fa? Irin waɗannan na faiba, da kamfanoni kamar BVM, CARF da Skymaster ke yi, kwarangwal ɗin kaɗai kan kai kuɗin inji ko ya wuce, ga ƙofofin taya, ga siririn fiffike mai son gudu. A bar shi sai jirgi na uku.

Inda arha take da gaske shi ne kayan hannu, kuma a nan ne na sha tawa. Na taɓa sayen inji daga wani da ban sani ba, daga nesa, don hoton ya yi kyau kuma farashin ya faɗi warwas. Da ya iso na ga tsohon samfuri ne mai tashi da iskar gas kafin ya koma kananzir, ga tarkacen tiyo da kwalba. Na juya fankar gaba da yatsa, sai na ji wani ɗan gurr-gurr kamar an zuba yashi. Wani dattijo a kulob ya kara shi a kunne, ya juya sau ɗaya, ya miƙo min ba tare da ya ce komai ba. Boris ɗin ya tafi. Abin da na biya na gyara da aikawa ya cinye ragin da na yi ta murna a kai.

Ka'idar yawancin kamfanoni ita ce a mayar da inji sabis duk bayan awa 25 na aiki, a canza boris a daidaita juyinsa. Kwamfutar injin tana ajiye lissafin awanni da yawan tayarwa, don haka ka ce a nuna maka allon, a nuna maka takardar sabis na ƙarshe. Ka haska fitila ka duba fukafukan gaba ko tsakuwa ta ɓantare su, ka tambaya ko ya taɓa faɗuwa, kuma a tayar da shi a gabanka, a kai shi ƙarshen totur a dawo. Ka tabbata kamfanin na nan da rai yana karɓar wannan samfurin gyara. Ciniki mafi daɗi da na sani shi ne ɗan kulob ɗinku da zai koma babban jirgi ya sayar maka da na koyonsa ɗungurungum, wanda ka sha ganin tashinsa. Ka sayi jirgi, ka kuma samu malami kyauta, don kunya ba za ta bar shi ya zuba ido ka fasa ba.

Tsakanin kamfanonin injin ba na tsayawa dogon musu. JetCat tsoho ne a harkar kuma ya fi tsada, KingTech da Xicoy tsaka-tsaki, Swiwin ya fi sauƙi. Tambayata ɗaya ce: wa ke gyara shi kusa da kai, kuma wanne 'yan filinku ke amfani da shi? Injin da mutum biyar a wurin suka san halinsa ya fi wanda ka samu ragin dala 200 amma kai kaɗai ke da shi.

Akwai ƙananan kuɗaɗe da ba sa fitowa a hoto. Tukunyar kashe gobara ta iskar CO2, ba mai hoda ba, domin hodar lalata inji take yi. Jarkar mai da famfonta. Rariyar bakin inji mai tare ciyawa da tsakuwa. Ɗan ƙaramin tanki mai kama kumfar iska, wanda bai kai komai ba amma kumfa guda a tiyo ta isa ta kashe inji a sama. Rimot mai aminci da aka saita ya kashe injin da kansa idan sadarwa ta yanke. A nan kada ka nemi arha. Sai kuɗin kulob da inshora. Man kuwa kananzir ne ko man jirgin sama Jet A-1, KingTech ma ya yarda da dizal, ana gauraya shi da man shafawa kashi biyar cikin ɗari, wato lita ɗaya a lita 20. Inji mai kilo 10 na shan wajen sulusin lita a minti idan an take shi, tankin lita biyu zuwa uku ya ba ka minti shida zuwa takwas. Idan aka haɗa komai sabo, da wuya ka tsira ƙasa da dala 3,500.

Mai tunanin kai irin wannan gida Najeriya, ya san cewa jirage marasa matuƙi na ƙarƙashin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, takardunsu ake fara nema kafin a yi odar kaya. Zafin Maris da Afrilu na rage wa inji ƙarfi, ƙurar hunturu na cin boris, kuma duk sabis sai an tura shi waje. Sauƙin abin ɗaya ne: awa 25 ta kai wajen tashi 200, ba a shekara guda za ka cinye ta ba.

Ƙanena dai ya ji rabin maganar. Ya sayi Avanti na lantarki, ya shiga wani kulob a bayan garinsu, ya karya tayar gaba sau biyu a wata na farko. Makon jiya ya kira ni wai wani tsoho a wurin zai sayar da Boomerang ɗinsa da bazara, injin ya yi awa 11 tun sabis na ƙarshe. Na ce ya je ya juya fankar da yatsa, ya kara wayar kusa in ji.