Takardar gargaɗi a kan kuɓewa: yadda ake zama a Sugar Land ta jihar Texas

'Yan uwa da abokan arziki na Tudun Wada da Gyallesu sun daɗe suna tambayata yadda garin da muke zaune yake, kuma akasarinsu sun ɗauka a cikin birnin Houston muke. Muna wani gari ne da ake kira Sugar Land, a gundumar Fort Bend ta jihar Texas, kimanin kilomita 30 kudu maso yamma da tsakiyar Houston. Gari ne mai magajinsa da majalisarsa da 'yan sandansa, kuma ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mutum 111,026 ne ke cikinsa. Da yawa daga mazaunansa a Houston suke aiki, su bi babbar hanya mai lamba 59 da sassafe, su dawo da yamma su kwana. Na so in fara muku da faɗin tituna da kyan fitilu, amma abin da ya tsaya mini a rai wata takarda ce da ta iso gidanmu ta akwatin wasiƙa.

Kowane gida a unguwarmu yana da fili a ƙofarsa wanda aka shuka wa ciyawa, ciyawar da ake ba ruwan famfo na kuɗi, a kuma biya wani ya zo ya aske ta, alhali babu akuya ko tunkiyar da za ta ci. Uwargida ta dubi wannan asara ta ce ba za ta iya gani ba. Muka nome wani yanki a jikin bango, ta zuba irin kuɓewa da yakuwa da rama, kuma da yake zafin Texas da damshinsa sun karɓe su, kafin wani lokaci kuɓewa ta kai ƙirjin mutum ta fara fure. Sai ga takarda daga ƙungiyar masu gidaje ta unguwa, ɗauke da hoton gidanmu wanda aka ɗauka daga bakin titi, da kwanan wata, da lambar sashen dokar da aka ce mun saɓa, da wa'adin da aka ba mu mu tuge shukar mu mayar da ciyawa, in ba haka ba tara ta biyo baya. A ƙasan takardar an ƙara da cewa an ga mazubin shararmu a waje bayan ranar kwasa ta wuce.

Ban taɓa jin an muzanta ni irin na ranar ba. Mutum da furfurarsa, wanda a gida ake kira ya sasanta rikicin gado, a ce wani ya tsaya da mota a ƙofarsa ya ɗauki hoto ya wuce, ba sallama, ba a nemi ganin maigida ba. Dokar jihar ta ba mai gida damar ya nemi a saurare shi kafin a ci shi tara, saboda haka na nemi zama da kwamitin ƙungiyar. Na tarar da maƙwabta ne irina, babu mai kaki a cikinsu: wata tsohuwar malamar makaranta, da wani injiniya ɗan asalin Indiya, da wasu. Suka tarbe ni da fara'a, suka saurare ni har na gama, suka ce su ma suna cin kuɓewa, soyayyiya ma suka fi so, kuma ina iya cika filin da ke bayan gidanmu da ita inda katanga ta kare. Ƙofar gida kuwa, in ji su, duk mai wucewa yana da haƙƙi a kanta, domin da ganinta mai sayen gida ke yi wa unguwa kuɗi. Na nemi inda zan shigar da "a yi haƙuri" ban samu ba. Babu wani babba da zan aika ya sa baki, babu wanda ya san mahaifina, kuma babu wanda ya ɗaga murya balle in sami abin riƙewa. Sharaɗin yana cikin tulin takardun da duk mai sayen gida ke sa wa hannu, kuma ƙungiyar tana da ikon kai mutum kotu, har ta kai ga sayar da gidansa idan ya tara bashin kuɗin shekara-shekara da ake biyanta. Muka tuge kuɓewa.

Da fushi ya sauka sai na tuna da duba-gari, wanda iyayenmu ke ba da labarin yadda mata ke rige-rigen wanke randa da share tsakar gida idan an ce ya shigo unguwa. Mun yi irin wannan tsari, muka sake shi. Yau mutum zai fito da shagonsa ya hau kan lambatu, wani ya haƙa masai a kan hanya, wani ya juye buhun shara a kwata da daddare yana jiran ruwan sama ya kai Kubanni, kuma duk maƙwabcin da ya buɗe baki sai a ce hassada yake yi, ko a ce ba ya son zaman lafiya. Idan damina ta zo ruwa ya shiga ɗakuna, sai mu taru mu ce gwamnati ba ta yi aiki ba. Ba na cewa a kawo mana masu ɗaukar hoton ƙofar mutane a Zariya, domin har gobe ina ganin rashin ta-ido ne a aika wa maƙwabci takarda alhali ƙafa za ta iya kai ka zaurensa. Sai dai kunyar da muke taƙama da ita ta zama mafakar mai ɓarna, shi ya yi abin da ya ga dama, mai gaskiya ya haɗiye.

Wannan ɗabi'a ta sa ido tana da asali a tarihin garin. Tun kafin tsakiyar ƙarni na 19 ake noman rake a wannan fadama ta kogin Brazos, kuma bayi baƙar fata ne ke yin aikin har zuwa 1865 da aka 'yanta su. Da bayi suka tafi, sai masu gonaki suka koma hayar fursunoni daga hannun gwamnatin jihar, mafi yawansu baƙar fata, ana aikin da su cikin sauro da zafi har wasu su mutu a gona. Wajen 1908 Isaac Kempner na Galveston da abokin kasuwancinsa William Eldridge suka haɗe manyan gonakin da matatar sukari a ƙarƙashin kamfanin Imperial Sugar, suka gina gari sukutum na kamfani: gidajen ma'aikata nasa ne, kanti nasa ne, asibiti da makaranta shi ya kafa. Wanda ya bar aiki ya bar gida. Sai a 1959 garin ya sami majalisar kansa. Ɗan Zariya ba zai sha wuyar gane wannan ba, tunda mun ga yadda jirgin ƙasa ya haifi Sabon Gari, jami'a kuma ta raya Samaru. Bambancin shi ne a nan mai gari ɗaya ne tak, kuma da ya janye hannunsa sai kamfanonin gine-gine suka gaje shi. A 1977 aka fara babbar unguwar First Colony, wadda aka zana titunanta da tafkunanta da makarantunta a takarda kafin a aza tubali ɗaya, aka kuma rubuta dokokin zama a jikin takardar mallakar kowane fili. Daga irin waɗannan dokoki takardata ta fito.

Akwai abin da garin bai cika son tunawa ba. A watan Fabrairu na 2018, ana haƙa harsashin wata makarantar koyon sana'a, sai aka ci karo da ƙasusuwan mutane, aka yi ta tonowa har mutum 95, waɗanda bincike ya nuna fursunonin gonakin rake ne. Wani bawan Allah mai suna Reginald Moore, wanda ya taɓa aikin gandiroba, ya shekara da shekaru yana faɗa wa hukumomi cewa akwai kaburbura a wannan yanki, ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba sai da ƙasa ta ba da shaida. An sake binne su a wurin a 2019.

Rake kuwa tun 1928 aka daina nomansa a nan, amma matatar ta ci gaba da aiki da ɗanyen sukarin da ake shigowa da shi daga waje har zuwa 2003 da aka rufe ta. Dogon gininta na jan bulo yana nan tsaye a gefen hanya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne rufewar ba ta kashe garin ba, domin kafin lokacin ya riga ya sami wasu hanyoyin ci. Kamfanin SLB, wanda a da ake kira Schlumberger, mai aikin rijiyoyin man fetur, yana da babban sansani a nan, kamfanin tace mai na CVR Energy nan ce hedikwatarsa, ga manyan asibitoci, ga reshen Jami'ar Houston, ga filin jirgin sama mallakar garin wanda ƙananan jiragen 'yan kasuwa ke sauka. An buɗe filin wasa na Constellation a 2012 da babban zauren taro na Smart Financial a 2017, duk don mutanen waje su zo su kashe kuɗi, garin ya sami harajin ciniki. Duk lokacin da na wuce tsohuwar matatar nan sai in tuna da fadamun Maƙarfi da Kudan da Hunƙuyi, inda rake ke tsaye iya ganinka, ƙarshensa a sha a tofar ko a dafa mazarƙwaila, alhali sukarin da muke zubawa a koko ɗanyensa daga Brazil ake kawowa a tace a Legas.

Kada wanda ya ga hotunan da muke turowa ya zaci kyauta ake samun wannan jin daɗi. Jihar Texas ba ta karɓar harajin albashi, amma tana ramawa a kan gidaje. Kowace shekara ana ƙiyasta darajar gidanka a aiko maka da lissafi, kaso mafi tsoka ya tafi ga makarantun gwamnati, saura a raba tsakanin gunduma da gari, sannan unguwannin da ke kusa da kogi su ƙara da kuɗin kula da ganuwar ƙasa da ke tare ambaliya, wadda aka ga ranarta lokacin guguwar Harvey a 2017. A kanti kuma ana ɗora kashi 8.25 cikin ɗari a kan farashin yawancin kaya, ban da ɗanyen abinci. Ko ka gama biyan bashin banki, harajin gida ba ya ƙarewa sai ran da ka sayar ko ka koma ga Mahaliccinka. Amma kana ganin inda kuɗin ya shiga. Yaro zai hau motar makaranta a bakin layi ba a karɓi ko sisi ba, ɗakin karatu na gunduma zai ba ka kati kyauta ka ɗebi littattafai ka tafi da su gida, motar shara kuma ba ta saɓa ranarta.

Ruwa ne ya fi taɓa ni, kuma ba sai na gaya wa mutumin Zariya dalili ba. Takarda ɗaya ke zuwa a wata, ta haɗa kuɗin ruwa da na magudana da na shara, kuma mita ce ke faɗin abin da ka sha. Da can garin da rijiyoyin burtsatse ya dogara, sai aka lura cewa yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa yana sa ƙasar yankin nutsewa sannu a hankali, abin da ke ƙara haɗarin ambaliya. Hukuma ta tilasta a rage, garin ya gina matatar da ke ɗibar ruwan rafin Oyster, aka ƙara wa kowa kuɗi a takardarsa, mutane suka yi gunaguni suka biya. Mu kuwa duk wanda Allah ya buɗa wa sai ya kira masu haƙa ya huda tsakar gidansa, na kusa da shi ma ya huda nasa ya fi zurfi, rijiyar talakan da ke tsakaninsu ta ƙafe ya koma hannun 'yan garuwa, kuma babu mai lissafin abin da ya rage a ƙasa.

Wuta ma tana ɗaukewa a nan, kada a ruɗe ku. Da guguwar Beryl ta zo a watan Yuli na 2024, gidaje da shaguna sama da miliyan 2 a yankin Houston suka shiga duhu, wasu har fiye da mako, cikin zafin da ya yi daidai da na watan Afrilu a gida. Gidajen nan an gina su ne da katako don na'urar sanyaya ɗaki, babu tsakar gida, babu inuwar darbejiya da za a shimfiɗa tabarma, saboda haka da wuta ta tafi zama a ciki ya gagara.

Babbar wahalar yau da kullum ita ce rashin abin hawa na haya irin na gida. Babu Keke, babu acaba, babu bas mai yawo cikin unguwanni, kuma babu mai shago a bakin layi da za ka aiki yaro ya karɓo ashana ko maggi a rubuta bashi. Komai ƙanƙantar buƙata sai an tada mota. Hajiya mahaifiyar uwargida da ta zo mana ziyara ta yi ta zama a bakin taga tana jiran ganin mai wucewa da ƙafa, daga ƙarshe ta ce mu mayar da ita Tudun Jukun inda ake sallama. Masallatai akwai su, kuma da yake sama da kashi ɗaya cikin uku na mutanen garin 'yan asalin Asiya ne, naman halal ba ya wuya, amma ba a jin kiran salla daga gida, sai waya ta tuna maka. Daddawa da kuka da manja sai an shiga kantunan 'yan Najeriya a kudu maso yammacin Houston, a farashin da ba zan faɗa ba don kada a ce ina ƙari.

Layya ma ba a yin ta a ƙofar gida. Tun kafin Salla mutum zai yi waya da wata gona a bayan gari ya kama ragonsa, ranar Idi ya tuƙa mota ya je ya bi layi, a yanka a feɗe a zuba masa a leda. Fata da kai sai ka roƙa kafin a ba ka. Rabon naman shi ne aiki, domin maƙwabcin da ka ƙwanƙwasa wa ƙofa da ɗanyen nama zai tsaya yana tambayar dalili, kuma babu almajiri ko mabuƙacin da zai zo da kansa. Shi ya sa da yawa daga cikinmu suka koma turo kuɗin rago gida a yanka a madadinsu, su kuma su sayi abin da zai ishi suya a nan.