Zogale, Darbejiya ko Mangwaro: Wanne Za Ka Saya Wa Gidanka a Kano?

Zafin Afrilu a Kano yana haura digiri 40, tsakar gidan da aka malale da siminti kuwa sai ta riƙe zafin har tsakar dare. In ruwan Agusta ya sauko ba ya samun inda zai nutse, sai ya cika lungu. Kano na cikin jihohin Najeriya 11 da ke cikin shirin ganuwar itatuwa na hana kwararowar hamada da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, amma inuwar gidanka kai za ka shuka ta. Ni ma'aunina ɗaya ne: wane dashe zai tsallake rani ba tare da kuɗinka ya ƙare wurin 'yan garuwa ba?

A nan babu kamar zogale. Ko reshe ka yanko ka kafa a farkon damina zai kama, cikin 'yan watanni uwargida ta fara tsinkar ganyen kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Ruwan alwala ya ishe shi. Inuwarsa ba ta da kauri, shi ya sa alayyahu da yakuwa suke yi a ƙarƙashinsa. Ka riƙa sare kansa in ya kai tsayin mutum don ya yi rassa, in ba haka ba sai ya zarce sama ganyen ya gagare ka. Abokan gabarsa gara da akuya.

Darbejiya ta fi shi inuwa nesa ba kusa ba, sai dai a ƙofar gida, don saiwarta na fasa katanga. Itacen turare shan ruwa ne da shi. Ciyawar ado kuwa ta masu rijiyar burtsatse ce.

Mangwaro ne ake cutar mutane da shi. Mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani, yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo sai ya kai 6 ko fiye, kuɗinsu ma ba ɗaya ba. An taɓa sayar mini da na ƙwallo, an ɗan karce jikinsa an naɗe da leda, wai an yi masa aure. Sai da shekaru suka shuɗe maganar ta fito. Don haka ka ce, “Malam, kwance ledar nan in gani.” Auren gaske yana da tabo a inda reshe ya haɗu da gindi, ya ɗan kumbura ya warke. In ya fara rantse-rantse, yi gaba.

Ka ɗaga jakar da dashen yake ciki ka duba ƙasanta. In saiwa ta huda an datse ta, dashen yana iya yin yaushi. Wasu ma cire tsiro suke yi daga ƙasa su tura a jaka ranar da za su sayar. Ja shi a hankali, in yana motsi bar musu kayansu. Kuma ka je saye da azahar, lokacin da yayyafin da aka yi wa ganyen da safe ya bushe.