Korg Monologue a hannun mai koyon jera sauti

Kamfanin Korg na ƙasar Japan ya sanar da fitowar Monologue a ƙarshen shekarar 2016, kuma har yanzu tana cikin sintesaiza, wato na'urorin kiɗa masu ƙirƙirar sauti da lantarki, da suka fi dacewa da wanda yake son fara koyon jera sauti, wato tsara sautuka bi da bi domin na'ura ta riƙa buga su da kanta. Na'ura ce ƙarama mai maɓallan kiɗa 25, tana fitar da sauti ɗaya tak a lokaci guda, sannan tana aiki da batir shida na AA ko da adafta, wadda ake saye daban.

Abin da ya ɗaga darajarta shi ne maɓallai 16 da aka jera a fuskarta, kowanne yana wakiltar taku ɗaya na kiɗan. Idan mutum ya danna REC na'urar tana tsaye, sai ya taɓa sauti, ta adana shi a taku na farko ta wuce na biyu, haka har ƙarshe. Inda yake son shiru kuma sai ya danna REST. Da zarar an danna PLAY, haske yana bin maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta yadda mai koyo yake ganin abin da kunnensa yake ji. Wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce, domin a na'urori da yawa sai an kutsa cikin ƙaramin allo ana lalube kafin a gano takun da ya kauce, alhali a nan danna maɓallinsa kawai ya isa a kashe shi ko a dawo da shi. Mai koyo zai gane da wuri cewa jerin da aka cike dukkan takunsa 16 yakan gundure kunne, kuma cire uku ko huɗu daga ciki shi ne yake ba kiɗan numfashi.

Akwai kuma abin da a ganina ya fi komai armashi: na'urar tana iya ɗaukar motsin hannu. Yayin da jerin yake zagayawa, idan aka murɗa abin sarrafa matatar sauti, wato sashen da yake rage ko ƙara kaifin sauti, za ta riƙe wannan motsi ta riƙa maimaita shi a kowane zagaye, kuma tana iya riƙe irin waɗannan motsi har guda huɗu. Haka nan ana iya sa sauti ya zame zuwa na gaba maimakon ya yi tsalle. Maɓallin KEY TRG kuwa yana ba da damar ɗaga jerin gaba ɗaya ko sauke shi da yatsa ɗaya, wanda hakan hanya ce mai sauƙi ta jin yadda jeri guda yake sauya kama idan an canza masa tushe.

Sai dai taku 16 ɗin nan su ne iyaka. Kowane ɗaya daga cikin gurabe 100 na ajiya jeri ɗaya yake ɗauka, kuma babu hanyar ɗaura wani jeri a bayan wani domin a gina waƙa cikakkiya, saboda haka wanda ya ƙware zai bukaci kwamfuta ko wata na'urar ta hanyar MIDI (tsarin haɗa na'urorin kiɗa da juna) ko USB. Ba ta da lasifika a jikinta. Kuma duk wanda ya sauya gurbi bai danna WRITE ba, aikinsa ya tafi, ba tare da wani gargaɗi ba.

Wanda burinsa buga sautuka uku ko huɗu a tare ya nemi Minilogue, yayarta mai murya huɗu. Wanda kuwa yake son fahimtar yadda ake gina layin bas, wato sautuka masu kauri na ƙasan kiɗa, da gajeren jeri mai maimaituwa, Monologue za ta ishe shi na tsawon lokaci.