Turken igiyar tsaro a kan ƙarfe: walda, bulon ko matsewa?

Wani ɗan'uwa da ke haɗa rufin sito a hanyar Tanout ya tambaya: ƙarafan nasa IPE 200 ne (ƙarfe mai siffar harafin I, mai leɓe sama da ƙasa), tsayin mita 7 daga ƙasa, yana son kafa turaku ya ja igiyar da ma'aikata za su maƙala ɗamararsu. Walda zai yi, ko hudawa, ko ya sayo turke mai matsewa, wanda ke kama leɓen ƙarfe da muƙamuƙi?

Malam, fara da lissafi. Ƙa'idar Turai ta EN 795 tana son maƙalin mutum ɗaya ya jure kN 12, wajen tan ɗaya da kilo 200. Turken mita ɗaya kuwa, duk abin da ya fizgi kansa, gindinsa ne ke sha, kamar mai tuge ƙusa da dogon ƙarfe. In igiya ce aka ja tsakanin turaku biyu, na bakin layi suna ɗaukar fiye da haka, kuma iya tsananin ɗaurin igiyar, iya ƙaruwar nauyin.

Walda ce aka fi sabawa da ita a Damagaram, ita ce kuma muka fi jin tsoro. Mutum na rataye a sama, iska na kaɗawa, wutar ƙaramin janareto na rawa, da sandar walda mai lamba 6013 wadda ba ta shiga ƙarfe sosai: ɗinkin zai yi kyau a ido, cikinsa babu komai. In dole ne, a yi ta a ƙasa kafin a ɗaga ƙarfen, a goge fenti har ƙarfe ya fito fes, a sa busasshiyar 7018, a zagaye farantin gindi duka.

Bulon ya fi ta, domin ana iya dubawa, ana iya kwancewa. Faranti a sama, wani a ƙasan leɓe, bulon huɗu M16 (kaurin milimita 16) masu lambar ƙarfi 8.8, rami milimita 18 da injin huda. Ramin da aka ƙona da wuta ba ya karɓuwa. Matsalar a nan, leɓen IPE 200 faɗinsa milimita 100 ne kacal, kaurinsa 8.5, ramuka huɗu suna rage masa ƙarfi, don haka sai injiniyan ginin ya yarda. HEA 200, mai leɓen milimita 200, ya fi ɗaukar wannan.

Mai matsewa ba ya taɓa lafiyar ƙarfe, shi ya dace da aikin wata ɗaya ko biyu. Ka duba faɗi da kaurin leɓen da aka rubuta a jikinsa. IPN, wani nau'in ƙarfen mai kama da IPE, leɓensa a karkace yake, muƙamuƙin da aka ƙera don IPE ba ya zama daidai a kansa. Ƙurar hunturu, maiko da ɗanyen fenti suna sa shi zamewa, saboda haka a share wurin, a ɗaure da sufana mai awo, a sake dubawa kowace safiya.

A naka aikin, mai matsewa muke ba ka shawara, amma sai an gama ɗaure ƙarfen da maƙwabtansa, don IPE ba ya jure murɗawa. Ka kuma auna ƙasa: igiyar mita 2, mai rage fizga da ke buɗewa har mita 1.75, tsayin mutum da ratar mita ɗaya sun haura mita 6, kafin a ƙara lanƙwasar igiyar layi. A mita 7, gajeriyar igiya ko mai naɗe kanta za ka ba su.